Shuɗiyar Fadar Abba

Dhaka, 21 ga watan Poush

Zuwa ga Ummata abar ƙauna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Ya sanyi, ya gwiwar taki? Ina fata kina shafa man da na bar miki a kan taga, ba ki ɓoye shi a akwati ba kamar yadda kike yi wa duk wani abu mai kyau. Mu dai mun sauka lafiya shekaranjiya da la'asar. Tunda kunnenki ya daina shiri da waya, na roƙi Lutfor direba, ya ce duk takardar da na kai masa tasha da safe zai miƙa miki ita hannu da hannu kafin magariba.

Umma, garin nan ya fi ƙarfin bakina. Tun daga tasha kekunan riksha suka rufe titi, taya na gogar taya, ƙararrawa na tashi ta ko'ina kamar kwaɗi bayan ruwan farko. Ni na tsaya baki sake, Abba kuwa ya ƙwace hannunsa daga nawa ya kama laluben allon bayan wani keke da ke tsaye. Ya shafa, ya shafa, ya ce wa mai keken wanda ya yi masa zanen nan da tsintsiya ya yi shi. Mai keken ya ce, "To dattijo, kai da ba ka ganin gabanka, da hanci ka gano?" Da ƙyar na janye shi. Shekara talatin da ɗaya yana zana garin nan a bayan kekunan garinmu Narail bai taɓa taka shi ba, amma ranar farko ya fara gyara wa mutanensa aiki.

Jiya muka ga likita. Idon hagu kam sai haƙuri, mun riga mun sani. Na dama ya ce yanar ta nuna, za su cire ta ranar ashirin da bakwai. Ya ce yawanci ana dacewa, amma da yake ido ɗaya ne ya rage, ga kuma ciwon suga, dole ya gaya mana ana iya samun akasi. Duk bayanin da bawan Allah ya yi, wannan kaɗai Abba ya ɗauka. Muna fitowa ya ce kafin a sa masa wuƙa sai ya je duk wurin da ya taɓa zanawa, ko da inuwa ce zai gani.

Don haka yau tun safe muke yawo. Mun fara da ganuwar Lalbagh. A allon Abba ƙofarta ba ta wuce tafin hannu ba, a nan kuwa ina shiga na ji na koma 'yar mitsitsiya. Ya sa na ƙirga masa tagogi, ashe duk shekarun nan ya rage mata biyu, ya yi ta dariya yana cewa ba wanda ya taɓa zuwa ya karɓi cikon. Bayan azahar muka je Masallacin Taurari, mutane sun watse, mai kula da wurin ya bar mu muka shiga. Umma, bangon nan duka fasassun faranti ne da kofunan tangaran, an jera su ɗaya bayan ɗaya har suka zama furanni da taurari. Abba ya kafa yatsa a gindin wani reshe, ya bi shi tun daga ƙasa har inda hannunsa ya kai. Can ya ce wanda ya yi wannan bai san gaggawa ba, kuma bai sa sunansa ko'ina ba, alhali shi ko allon banza ya zana sai ya ɗora ɗan tsuntsunsa mai kamun kifi a ƙasa don a san nasa ne. Ban taɓa jin ya sa wani a gabansa ba sai yau.

Saura fadar bakin kogi, Ahsan Manzil. Ita ya ajiye a ƙarshe, kuma ya ce daga cikin ruwa zai gan ta, yadda take a kalandarsa. Ni da ke mun san launinta. Tun ina aji huɗu na nuna miki ita a littafi, ruwan hoda, kika rufe mini baki da hannu kika ce in bar ubana da abinsa. Kalandar da ya samo a shagon aski ta riga ta sha rana kafin ta shigo hannunsa, shi kuma ya bi abin da ya gani, ya yi ta zuba mata shuɗi har duk Narail ta san shi da shuɗiyar fada. Ranar faɗansu da Baffa Jobbar kina gidan biki, ƙarshen kawai kika tarar, ni kuma ban taɓa gaya miki farkon ba. Baffa ya zo hutun salla, ya tarar masu keke sun cika shago, sai ya ɗaga wani allo ya ce, "Yaya, kullum a gaban gidan nan nake tuƙa jirgi, wallahi ruwan hoda ne. Kai dai fadar aljanu kake zanawa." Aka kwashe da dariya. Iyakar abin ke nan. Yau shekara sha ɗaya Abba bai ambaci sunan ƙaninsa ba, uwa ɗaya uba ɗaya, a kan fentin ginin da ba na kakanmu ba. Idan na tuna raina ɓaci yake yi.

Tulun maɗin dabinon da kika ɓoye a cikin kayana ya iso bai fashe ba. Abba ya ji ƙamshi ya tambaya, na ce na likita ne. Gobe zan nemi mai shi, wato Baffa.

Ki yi mana addu'a. Ki gai da duk wanda ya tambaye mu.

'Yarki mai ƙaunarki,
Shiuli


Dhaka, 24 ga Poush

Ummata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, da fatan kin tashi lafiya, gwiwa kuma ta yi sauƙi. Lutfor ya kawo amsarki, layi uku, biyu daga ciki a kan in riƙa rufe wa Abba wuya. Ina rufewa, yana cirewa.

Na sami Baffa. Shekaranjiya da safe na bar Abba yana gardama da Inna Poribanu, mai masaukinmu, a kan yadda ake haɗa shayi. Ita ba ta kiransa da suna, Narail kawai take ce masa, shi kuma ga mamakina yana amsawa. Na sulale na tafi mashigar Sadarghat. Umma, ashe mashigarmu ta kogin Chitra wasan yara ce. Jirage masu hawa uku sun jeru kafaɗa da kafaɗa, kowanne ya fi makarantarmu tsawo, suna huci, mutane na kwararowa daga cikinsu da kwanduna da kaji da katifu. A ƙarƙashinsu kwalekwale ɗaruruwa ke ratsawa, ban ga ɗaya ya taɓa ɗan'uwansa ba. Ruwan baƙi ne, yana da wari, amma idan rana ta faɗa masa sai ya yi ta ƙyalli, ga lemo da kankana an tara tsibi-tsibi a bakin gaɓa. Na tsaya har na manta abin da ya kawo ni.

Sai da na tambayi mutum huɗu kafin a nuna mini shi. Ya tsufa, Umma. Kai fari fat, haƙora ja saboda ganyen pan da yake tauna kamar goro. Tun kafin in yi sallama ya dube ni daga cikin jirgi ya ce, "Wannan hancin dai na gidanmu ne, ba mai aronsa." Na miƙa masa tulun. Ya kwance bakin, ya tsoma yatsa ya lasa, sai ya juya mini baya ya yi kamar yana gyaran igiya. Da ya juyo ya tambaye ki, ya tambayi dabinon bayan gida, ya tambayi kowa har akuya, sannan ya ce, "Shi fa sarkin taurin kai?" Na gaya masa maganar ido da maganar fada. Sai ya ce, "Kawo shi jirgina. Ba zan buɗe baki ba. In ya faɗa ruwa a hannun wani, me zan ce wa uwarmu a lahira?"

Yau da hantsi muka je. Baffa ya naɗe fuska da gamcha, ƙyallen nan nasa na goge gumi, kamar mai jin sanyi, ido kaɗai ya bari. Shi ya kama hannun Abba ya zaunar da shi a kan tabarma, kusa da wani abu da ya rufe da buhu a goshin jirgin. Ya buga filafili sau biyu a gefen jirgi, ya tura mu cikin ruwa. Abba, wanda tun daga masauki bakinsa bai huta ba, sai ya yi tsit, ya karkata kai yana sauraro. Na ɗauka tsoron ruwa ne.

Hazo ya rufe kogin, ba ma ganin komai sai jin ƙahon manyan jirage. Muna kai tsakiya rana ta fara cinye shi, sai ga ƙubba ta fito daga sama, sannan ginshiƙai, sannan matakalar nan mai faɗi da ke saukowa kamar za ta zo ta tarbe mu. Na san ta a littafi, na san ta a allon Abba sau dubu, amma ban san tana da girma haka ba, ban san kuma launin yana da rai ba. Kin san cikin gwaiba idan ta nuna aka raba ta biyu? To haka, gini guda. Na manta da su biyun gaba ɗaya.

Muryar Abba ce ta dawo da ni. Ya ce yana ganin wani abu babba, amma kamar ta cikin ruwan shinkafa. Sai ya ɗaga murya fiye da yadda ake bukata ya ce, "Wane launi ne?" Umma, na dubi idon nan guda da za a sa wa wuƙa nan da kwana uku, na ce a raina ta yiwu wannan ne ganinsa na ƙarshe. Na ce shuɗi ne. Ya ce, "Ba ke na tambaya ba. Kai mai jirgi, kai da kake ganinta kullum, wane launi ne?" Filafili ya tsaya. Na zuba wa Baffa ido, don na san bakinsa. Sai na ji ya shaƙe murya ya ce, "Shuɗiya ce, dattijo."

Na zaci Abba zai yi murna. Bai yi ba. Ya sunkuyar da kai, ya ce a mai da shi gaɓa. Tun da muka dawo bai ci komai ba, har gurasar bakarkhani da yake ta yabo jiya Inna Poribanu ta kawo masa da shayi, ya ture. Ban gane masa ba. An ba shi abin da ya yi shekara sha ɗaya yana so, ya zauna kamar wanda aka yi wa rasuwa.

Ni kuwa kunya ce ta ishe ni. Na yi wa ubana ƙarya a gaban gini mai hawa biyu da kowa ke gani, na kuma ja mai gaskiya ya taya ni. Ba zan ɓoye miki ba, har da ke na ji haushi, don ke kika fara koya mini. Ki yafe mini wannan maganar, amma sai da na faɗa na ji sauƙi.

Ki dage da addu'a ranar ashirin da bakwai, da safe za a shiga da shi.

Taki har kullum,
Shiuli


Dhaka, 30 ga Poush

Ummata abar ƙauna,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, kuma Lutfor ya isar miki da saƙon baki tun shekaranjiya kamar yadda ya yi alkawari. Idan ya yi miki ihu a kunne har maƙwabta suka ji, ni na ce ya yi. Alhamdu lillahi, Umma. Abba yana gani.

Aikin bai kai dahuwar shinkafa ba, ni ce dai na tsufa a kan benci. Washegari aka cire bandeji. Ya yi ta ƙifta ido, hawaye na zuba, sannan ya tsaya a kaina ya daɗe yana kallo. Ina jira ya faɗi wata magana mai daɗi, sai ya ce, "Ke Shiuli, yaushe kika yi furfura? Wa ya ba ki izini?" Na fashe da kuka a gaban likita. Daga nan ya dubi zanen da ke ƙugunsa, wanda kika saya masa da salla. Ashe shi duk zatonsa ruwan ƙasa ne. Da ya ga kore ne shar da layi-layi na shunayya, ya ce wata uku mun bar shi yana yawo a gari kamar aku.

Likita ya ba shi baƙin tabarau, ya ce ban da ƙura, ban da sunkuyo. Na yi niyyar in tsare shi a ɗaki, amma yau ƙarshen Poush, ranar sakin jiragen takarda masu zare a iska, duk tsohon gari ya koma kan soro. Inna Poribanu ta leƙo ta ce, "Narail, an buɗe maka ido a ranar da ta dace. In ka zauna a ɗaki yau, gara ka koma a mayar maka da yanarka." Kafin in yi magana ya riga ya kai matakala.

Umma, da ma kina nan. Duk inda na juya soraye ne har iyakar gani, kowane soro cike da mutane, tsofaffi da mata da jarirai, ana kiɗa, ana miƙa waina daga wannan gida zuwa wancan. Sama kuwa ba wurin sa allura. Jiragen takarda ne dubbai, suna hawa suna sauka, suna kai wa juna cafka, don sun shafa wa zaren garin gilashi, wanda ya yanke na wani sai ihu ya tashi daga soro zuwa soro. Na dubi Abba, ya riƙe bango da hannu biyu, kansa a sama, leɓensa na motsi. Na matsa in ji ko tasbihi yake yi, ashe launuka yake kira ɗaya bayan ɗaya: ja, ruwan ƙwai, kore, ruwan goro, fari. Ya ce shekara shida rabonsa da fari na gaskiya, bai ma san ya tafi ba. Ya ce ashe sama tana da nisa haka. Ni da nake da ido biyu ban taɓa kallonta yadda ya kalle ta ba.

Ana cikin haka wani jirgin takarda da aka yanke wa zare ya yi ta lilo ya sauka daidai ƙafarsa. Ya ɗauka. Ruwan hoda ne. Ya ɗaga tabarau ya daɗe yana juya shi, bai kira sunan launin ba, ya naɗe shi ya sa a aljihu.

Muna saukowa ya ce jibi za mu koma kogi, kuma mai jirgin nan yake so, ba wani ba. Na tattaro ƙarfin halina na ce, Abba, akwai maganar da nake so in gaya maka. Ya ce shayinsa ya huce, in je in ɗumama. Sau biyu na gwada, sau biyu shayi na hucewa. Da la'asar na ruga wurin Baffa. Ya ce shi kam jibi zai kwana a wancan ƙetare, ya ba wani jirgin. Na ce masa wanda ya sha maɗin gidanmu ba ya guduwa, in ya gudu zan rubuta miki. Ya ce, "Ke ma irin ubanki ce, Allah ya raba mu da hancin nan." Amma ya ce zai zo.

Murna da tsoro sun haɗe mini, Umma. Na roƙi Allah ya buɗe idon nan, ya buɗe, yanzu kuma abin da zai gani nake tsoro. Zai ga aikin shekara talatin da ɗaya kuskure ne, zai ga 'yarsa ta yi masa ƙarya, zai ga ƙanin da ya kora a gabansa. Idan ya ɗauka mun haɗa baki ne mu mai da shi abin dariya, ban san ko zai sake yi wa Baffa magana ba har abada, ko ni ma.

Ki gai da kowa. Kada ki daina addu'a tukuna.

'Yarki,
Shiuli


Dhaka, 2 ga watan Magh

Ummata,

Assalamu alaikum, da fatan kina lafiya, gida lafiya. Ki zauna kafin ki karanta, ki kuma sa tabaranki.

Mun je. Yau ba hazo, kogin a buɗe yake tun daga gaɓa. Baffa ya sake naɗe fuska, har ya fi na ranar nan. Abba ya ƙi a riƙe shi, ya shiga jirgi da ƙafarsa, ya zauna ya juya wa gari baya da gangan. Baffa ya buga filafili sau biyu ya tura. Ina jin ruwa na dukan katako.

Da muka kai tsakiya Abba ya ce a tsaya. Ya juya a hankali, ya cire tabarau. Ranar hantsi ta faɗa wa ginin sosai, launin ya sauko har cikin ruwa, baƙin kogin nan ya zama ruwan hoda yana rawa a gefen jirginmu. Tattabaru suka tashi daga ƙubba suka zagaya suka dawo. Ban san tsawon lokacin da ya ɗauka yana kallo ba, manyan jirage biyu dai sun wuce sun girgiza mu bai motsa ba. Na ga yatsansa na tafiya a kan gwiwarsa, yana bin ginshiƙai, yana sauka matakala. Can ya ce a hankali, "Subhanallah. Ashe haka take." Ba fushi a muryar, ba komai sai mamaki, irin na ranar Masallacin Taurari.

Na buɗe baki in ba da haƙuri, ya ɗaga mini hannu. Bai ko waiwaya ba ya ce, "Jobbar, cire tsumman nan daga fuskarka, ka yi kama da ɓarawon kaji." Filafili ya kusa faɗawa ruwa. Baffa ya kwance gamchar, ya ce, "Yaya." Abba ya juyo ya ƙare masa kallo, ya ce, "Kai ma ka yi furfura ba izini. To yanzu faɗa mini, wane launi ne?" Baffa ya dubi ginin, ya dube shi, ya ce, "Ni dai Yaya, in ka ce shuɗi ne, shuɗi ne." Abba ya ce, "Ƙarya kake, ɗan banza. Da kana da baki ka tsinka ni a gaban masu keke, yanzu da na zo har ƙofarka in ji ka sake faɗa, sai ka zama mai ladabi? Faɗi." Sai Baffa ya ce, kamar mai amsa laifi, "Ruwan hoda ne." Abba ya ce, "Ruwan hoda ne. Kai ne da gaskiya." Umma, shekarata talatin da takwas, yau na fara jin wannan kalmar a bakinsa.

Baffa ya saki filafili ya durƙusa zai taɓa ƙafarsa, Abba ya miƙe zai ɗago shi, jirgi ya karkata, ni kuma ina ihun likita ya ce ban da sunkuyo. A cikin wannan kokawar ƙafar Abba ta ja buhun nan da ke goshin jirgin. Kin san abin da ke ƙarƙashi? Allon bayan keke ne, an kafe shi da ƙusa huɗu, gefensa duk tsatsa. Shuɗiyar fada ce, ga ɗan tsuntsu mai kamun kifi a kan matakala. Baffa ya ce ranar da ya bar Narail ya cire shi daga wani mataccen keke a tasha. Ya ce fasinjoji kan tambaye shi wannan wane gini ne, ga kuma na gaske a gabansu, shi kuma yakan ce, "Waccan ta sarakuna ce. Wannan ta yayana ce, tana Narail."

Abba ya zauna ya dubi allon, ya dubi ginin, ya sake duban allon. Ya shafa shi da babban yatsa ya ce shuɗin ya koɗe, waye ke barin aiki a rana haka. Daga nan hawaye suka zubo masa. Na juya musu baya na kalli fada, na bar su. Masu jirgin da ke wucewa suna ta tsokanar Baffa, wai yau ya ɗauko fasinjan da ya biya shi da kuka.

Yanzu haka suna ƙasa su biyu da Inna Poribanu, sun buɗe tulunki, suna gardama a kan shekarar da ambaliya ta ci garken kakanmu. Ni bai ce mini komai ba kan ƙaryata, sai dai da muka sauka ya bar ni na rufe masa wuya bai cire ba. Ya karɓi biro da takarda ya ce shi ma zai rubuta miki, tunda yanzu yana ganin layi. Ga ta nan a ciki, ban karanta ba.

'Yarki mai kewarki,
Shiuli


Maman Shiuli,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki. Ya gwiwa, ya kaɗaici? Wannan rubutun hannuna ne, in ya karkace ki yi haƙuri, mun daɗe ba mu haɗu da biro ba.

Yarinyar nan tana zaton ta yaudare ni. Ki gaya mata ta kwantar da hankalinta, ban riƙe ta ba, ke ma ban riƙe ki ba. Na san launin gidan nan tun ranar da na kori Jobbar. Da masu keke suka watse na tsaya gaban kalandar, sai na ga tutar ƙasa da ke kusurwar hoton. Jan da ke tsakiyarta ya zama fari. Ni da hannuna nake mayar mata da jan a kowane allo, ban taɓa tambayar kaina ina sauran jan hoton ya tafi ba. Mai fenti ne ni, na fi kowa sanin ja ne ke fara gudu daga rana. Amma an yi mini dariya a shagona, sai na ƙara wa shuɗin kauri.

Jobbar kuma tun bugun filafili na gane shi. Babanmu ne ya koya mana a Chitra, sau biyu kafin a tura, ba mai yin haka a duk kogin nan sai shi. Na yi tambayar nan ne don ya sake faɗin gaskiya in ce masa haka ne, kafin a sa mini wuƙa, don ban san ko zan fito da ido ba. Sai ya ce shuɗi. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Na mai da ƙanina maƙaryaci don tausayina.

Fadar tana da kyau, Maman Shiuli, ta fi tawa nesa ba kusa ba. In gwiwarki ta yarda, bayan damina zan kawo ki ki gani, muna da mai jirgi.

Ranar Juma'a za mu taho mu uku. Ki yi waina da yawa, kin san cikinsa. Gwangwanin shuɗin da ke ƙarƙashin benci kada ki zubar, zai zo da allonsa in sabunta masa, ya ce shi ba ya son a canza masa launi. Amma ki aika kasuwa a sayo mini ja da fari.

Naki,
Tofazzal